Bogar Talo-talo a Cikin Gurasa

Akwai gardamar da ta daɗe a gidaje da yawa, har da namu. Yara sun ce su sai boga, irin wadda suke hangowa a gidajen abinci na zamani. Dattijon gida kuwa, tun da likita ya umurce shi da rage jan nama da maiƙo, in an soya naman sa sai dai ya bi shi da ido. Mu da ke riƙe da murhu da aljihu mu abin ya fi damu, domin tukunya biyu a gida ɗaya tana cin kuɗi, kuma tana raba hannun da ya saba haɗuwa a akushi guda. Neman mafita ne ya kai mu ga talo-talo.

Kalmar boga gutsure ce daga hambaga, wadda ta ari sunan birnin Hambug na Jamus, amma a Amurka ta yi tashe. Can ne kuma aka yawaita yin ta da naman talo-talo saboda ƙarancin kitsensa. A 2015 ma sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kashedi game da yawan cin jan nama da naman da aka sarrafa. Sai dai fa, mai karatu, wannan ƙarancin kitse shi ne wahalar aikin, don naman da ba shi da maiƙo saurin bushewa yake yi a wuta, ya koma kamar ƙanzo.

Ga yadda muke yi. Mukan zaɓi tsokar cinya, wadda ta fi ƙirji laushi, mu cire jijiyoyi, mu niƙa rabin kilo a inji ko mu kirɓa shi a turmi kamar za a yi dambu. Sai mu goga albasa ɗaya a ciki da ruwanta, mu fasa ƙwai ɗaya, mu zuba garin busasshen burodi cokali huɗu, da tafarnuwa da citta da masoro, da gishiri ɗan kaɗan saboda dattijo. Albasa ce ke riƙe masa danshi, ƙwai da garin burodi su hana shi wargajewa. A cakuɗa sama-sama, domin yawan murzawa na sa shi tauri. A shafa mai a tafin hannu, a raba shi huɗu, a fyaɗa kowanne kamar waina, a lotsa tsakiyarsa da babban yatsa don kada ya kumbura. In akwai wutar lantarki ya huta rabin awa a firji; in babu, a ɗora shi nan take, kada zafin gari ya taɓa shi.

Suyar a kan matsakaiciyar wuta ake yi, da mai cokali ɗaya, minti 5 zuwa 6 kowane gefe, kuma ba a danna shi da cokali, don romonsa ke tsiyayewa. A nan babu wasa. Ɗanyen naman tsuntsu kan ɗauki ƙwayar salmonela, niƙa kuma yana watsa ta ko'ina cikin naman, shi ya sa masana suka ce cikinsa ya kai zafin digiri 74 a ma'aunin salshiyas. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga ɗaya ya duba, ya ƙara masa wuta in ya ga alamar ja. Turmi da wuƙa da hannu kuwa sai an wanke su da sabulu kafin a taɓa latas ko tumatir.

Maimakon burodin kanti, gurasa muke tsagawa, mu barbaɗa yajin tsire, mu jera tumatir da albasa. Talo-talo da tsada, ba abincin kullum ba ne, amma babu abin yarwa a jikinsa: ƙasusuwan sukan zama farfesun washegari. Ranar da aka yi kuwa, jika da kaka a tire ɗaya suke sa hannu.

Wata gwaggonmu takan taɓe baki ta ce, "Ku dai 'ya'yan nan, komai na Bature sai kun kwaso." Mukan amsa mata cikin ladabi cewa shi kansa talo-talon da ke yawo a tsakar gidanta asalinsa ɗan Meziko ne, Sifaniyawa suka ƙetaro da shi a ƙarni na 16. Gyaɗar ƙuli-ƙuli da barkonon yaji da tumatirin miya duk daga nahiyar Amurka suka fito, ita kuma gurasa Larabawa suka kawo ta Kano. Kowannensu ya shigo a matsayin baƙo, hannun iyayenmu mata ya juya shi har ya zama ɗan gida. Abin da ke kanmu yanzu shi ne mu yi wa boga irin wannan tarba, mu koya wa 'ya'yanmu yin ta da kayan kasuwarmu, su san abin da ke cikin lomar da suke kai wa baki. Gwaggo dai ba ta sauka daga ra'ayinta ba, amma takan ce a ƙara wa tata yaji.