Ranar da Aka Ce Hadis Ɗinmu Ya Yi Rauni



Waɗanda ke sallah a bayanmu duk ranar da babban liman ya yi tafiya za su tuna cewa a watan jiya an yi kwana shida ba a liƙa jerin sunayen marayu a jikin allon masallaci ba, har ƙananan maganganu suka fara tashi. Wasu suka ce kwamiti ya yi barci, wasu suka faɗi abin da ya fi haka ɗaci. To, ba kwamiti ba ne. Kwamfutarmu ce ta kwanta, sunayen kuwa suna cikinta. Mun ga ya dace mu ba da labarin yadda aka yi, domin mun san gidaje da dama a unguwar nan suna da irin wannan tsohuwar laftof a ƙarƙashin gado, ana ta jayayya tsakanin uba da ɗa: a gyara ta ne, ko a sayo sabuwa?

Tamu HP ce, EliteBook 8470p, ƙirar 2012. Ta hannu muka saya a 2016, wani ɗan'uwa ya taho mana da ita daga Ikko. Ba don ƙawa muka saye ta ba. A ciki muke ajiye lissafin shagonmu na atamfa da shadda, da rajistar ɗaliban Islamiyya, da jerin marayu da zawarawan da masallaci ke tallafa wa. A ciki kuma akwai Maktaba Shamila, wadda ta hutar da mu ɗaukar manyan littattafai duk lokacin da za mu shirya karatun bayan magariba.

Sau biyu wannan na'ura tana rufa mana asiri. Daren da Kasuwar Monday ta ƙone, 26 ga Fabrairu 2023, shagonmu ya tafi, littattafan bashi uku suka tafi tare da shi. Da ba don babban ɗanmu ya matsa tun shekarar da ta gabata sai da ya kwafe lissafin nan cikin kwamfuta ba, da ba mu san nawa mutanen Kantin Kwari ke binmu ba, balle mu san wanda muke bi. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mai kaya ba, yana cewa miliyan kaza ne kai kuma ba ka da takardar da za ka ce a'a, ba zai gane nauyin wannan ba. Na biyu shi ne ambaliyar Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. A cikin leda biyu muka naɗe ta, yaro ya ɗora a ka muka fita. Rajistar Islamiyya ta takarda kuwa ta zama kunu.

Don haka idan muka ce muna jin ta a rai, kada a ce son kai ne na tsoho.

Sai dai tsufa ya kama ta. Mukan kunna ta, mu je mu yi alwala, mu yi nafila raka'a biyu, mu dawo mu tarar tana nan tana juya ɗan zoben nan. Fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Batir ya mutu murus, da an ɗauke wuta sai ta ɗauke, duk abin da aka rubuta ba a adana ba ya tafi. Mu da muka sha duhun nan na tun Janairun 2021, lokacin da aka fasa turakun da ke kawo wa Yerwa wuta daga Damaturu, mun san ma'anar kwamfuta marar batir. Ran nan da za a buga sunayen marayu, sai ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Ɗan namu, wanda ke karatu a Jami'ar Maiduguri, bai yi wata-wata ba. Ya ce, "Baba, wannan ai ta gama aikinta. Duk kuɗin da aka zuba mata asara ce. A sayi sabuwa kawai a huta." Muka ce masa ya je ya tambayo farashi. Da ya dawo bai yi saurin magana ba. Sabuwa dal a kwali, mai ɗan dama-dama, ta haura dubu ɗari biyar. Ta hannu mai ƙarancin shekaru kuwa, wadda ake kira ta Landan, wajen dubu ɗari uku. Ba abin mamaki ba ne. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 a farkon 2023 ta haye 1,500 a 2024, kuma babu ko ƙusa ɗaya a jikin laftof da ake ƙerawa a nan. Ga mutumin da har yanzu yake biyan bashin gobara, dubu ɗari uku jari ne, atamfa ce turmi da yawa.

Wani dattijo a kwamiti ya kawo shawarar a cire rabin kuɗin daga asusun masallaci tunda aikin masallaci take yi. Allah ya saka masa da alheri, amma zuciyarmu ba ta kwanta ba. Na'urar da muke lissafin shagonmu da ita, 'ya'yanmu ke gwajin jarrabawar JAMB a kanta, yaya za a ce kuɗin da aka tara da naira hamsin-hamsin ranar Juma'a ya shiga ciki? Muka ce a dakata.

Muka ɗauke ta zuwa Jagwal, wajen Fost Ofis. Yaron farko da muka samu ko buɗe ta bai yi ba, ya ce, "Malam, fomatin za a yi mata, yanzu za ta miƙe." Muka ce mene ne fomatin? Ya ce a share komai a sake zubawa. Muka ce, da lissafin? Da sunayen? Ya ce ai komai da komai. Wallahi sai da gabanmu ya faɗi, domin da ɗan aike muka tura, da an share amanar mutane kafin la'asar. Jama'a, wannan kalmar ku riƙe ta. Duk wanda ya ce zai yi wa na'urarku fomatin, ku tambaye shi ina ya kwashe abin da ke ciki, ku gani da idonku kafin ya taɓa komai.

Na biyun ya ɗan manyanta, ba ya gaggawa. Ya kwance murfin ƙasa, ya ciro wani ƙarfe kamar ƙaramin littafi, ya jona shi a tasa kwamfutar, ya kasa kunne. Can sai ya ce, "Liman, hadis ɗinka ne ya yi rauni." Muka ce, subhanallahi, wane hadisi, a ruwayar wa? Duk rumfar aka kwashe da dariya. Ashe ma'ajiyar kwamfuta suke kira haka, had-dis. To, mun yi shekara talatin muna bambance ingantacce da mai rauni, ba mu taɓa zaton za a kama mu da mai rauni a cikin jaka ba.

Bayanin da ya yi mana da harshen kasuwa ya yi shi, shi ya sa ya zauna. Ya ce kwamfuta kamar shago ce. Had-dis shi ne sito, inda kaya ke kwana. Ram shi ne teburin da ake baza yadi a auna. Furosesa kuwa shi ne mai shagon kansa. Idan sito na da nisa kuma ƙofarsa ta yi tsatsa, ko mai shago ya kai kowa zafin nama, ciniki zai yi ta jira. Irin tsohon had-dis ɗin nan faifai ne a ciki yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana bin sa, ga zafi ga ƙura ga jijjigar Keke Napep, dole wata rana ya gaji. Sabon nau'in da ake kira SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma a irin wannan na'ura yana ɗebo kaya kusan ninki biyar na tsohon, wajen buɗe ƙananan abubuwa ma ya fi haka nesa. Teburin namu kuma giga 4 ne kacal, alhali na'urar na da gurbi biyu, tana iya ɗaukar har 16. Ya ce mai shagon lafiyarsa ƙalau, ƙura ce ta toshe masa hanci.

Allah ya taimake mu, had-dis ɗin bai ƙarasa mutuwa ba. Sai da ya kwana biyu yana lallaɓa shi kafin ya kwashe komai. Ya sa SSD mai giga 256, ya ƙara ram ya zama 8, ya busa fanka, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo, muka sayi batir. Ƙurar da ta fito daga cikin fankar nan, ta hunturu tara, za ta isa a shuka gero. Duka-duka da ladan aikinsa ba mu kai dubu saba'in ba.

A nan ma mun yi namu kuskuren, gara mu faɗa. Don neman sauƙi muka sa wani abokin ciniki ya sayo mana ram daga Kano, ba mu gaya masa iri ba. Ya kawo DDR4, tamu kuwa DDR3 take ci. Ko shiga ramin ba ya yi, tsagar da ke jikinsa ba a wuri ɗaya take ba. Sai da muka sayar da shi da faɗuwa. Mu da kullum ke wa masu saye faɗa kan su zo da samfurin yadi kafin a yanka!

Yanzu kafin mu gama gyara zama a kan buzu ta riga ta buɗe. Shamila da ke ɗaukar lokaci kafin ta nemo mas'ala, yanzu kamar ƙiftawar ido. Uwargida ta ce ashe dai ba sai an yi amarya ba, gyara ake yi. Ba mu tanka ba.

To amma kada mu zalunci yaron nan, domin akwai inda ya fi mu gaskiya. Ya nuna mana cewa tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ƙarin wa'adin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista, zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa, a ƙa'ida, tana neman furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, tamu ta zubi na uku ce. Wannan babu SSD ko ram ɗin da zai magance shi. Za ka iya faɗaɗa tebur, ka matso da sito, amma mai shago yana nan da shekarunsa. Ma'anarsa ita ce duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano nan gaba, babu mai zuwa ya toshe. Akwai masu dabarar cusa sabuwar Windows ta ƙarfi, akwai kuma masu sa Linux, wadda kyauta ce kuma tana tafiya da tsofaffin na'urori. Mu dai Shamilarmu da lissafinmu a kan Windows muka saba da su, kuma a shekarunmu ba ma son sake koyon baƙi. Abin da muka yi shi ne muka raba ta da harkar banki kwata-kwata, ba ma buɗe duk wani abin da aka turo wanda ba mu san mai shi ba.

Kuma ba kowace tsohuwa ce ke karɓar magani ba. Wani maƙwabcinmu tasa ta sha ruwan ambaliya, ya shanya ta a rana ta tashi, ya yi murna. Bayan wata biyu ta fara mutuwa tana farfaɗowa, domin tsatsa na cin babban allon da ke ciki sannu a hankali. Sau uku yana kai ta gyara, abin da ya kashe ya kusa sayen wata. Mai gyaran namu ya ce shi ma'auninsa ɗaya ne: idan allon ciki ne ya taɓu, ko kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin ta hannu mai ƙarancin shekaru, a haƙura. Haka ɗalibin da ke zanen gine-gine ko haɗa bidiyo, kada uba ya ɗaure shi da irin tamu ya ce ai liman ma da ita yake aiki. Aikin liman rubutu ne da lissafi. Wanda kuma zai sayi sabuwa, ya tambaya ko ana iya ƙara mata ram, don da yawa daga cikin siraran nan na yanzu an like shi a jikin allo, yadda ka saya haka za ka ƙare da ita.

Yadda muka rabu da ɗan namu shi ne, mun sayi lokaci ne, shekara biyu ko uku in Allah ya yarda. Mun shiga adashi na dubu goma duk wata da sunan wadda za ta gaje ta. In ta zo, wannan za ta koma ofishin Islamiyya, a cire ta daga intanet, malamai su riƙa duba littattafai da rajista. Ya ce, "Baba, ka dai yarda a ƙarshe sai an saya." Muka ce mun yarda, amma da kuɗin da muka tara, ba da na Kantin Kwari ba.

Kwana shidan nan sun sa mun sake wani tsari. Sunayen marayu da rajistar makaranta yanzu suna wuri uku: a cikin kwamfutar, a filas ɗin da ke hannun sakataren kwamiti, da kuma bugu na takarda a gidan wani ɗan'uwa a Bulumkutu, inda ruwa bai kai ba. Duk ƙarshen wata ake sabuntawa. Lissafin shago kuma yaron ya ajiye mana kwafinsa a Google Drive.

Da muka zo buga jerin a ranar ta bakwai, muka bi shi suna bayan suna, sai muka ga gida biyu na layin bayan masallaci babu su, tun rabon azumin bara aka tsallake su ba wanda ya lura. An saka su yanzu. Wanda ya san wani gidan da aka manta, ya same mu bayan sallar isha'i, ko a shago kafin azahar.

Wassalamu alaikum.