Daga Inugu Zuwa Fatakwal: Tafiya A Jiragen Katako

Inugu garin tuddai ne da kwal, babu babban kogi a cikinsa, amma a can na fara jin labarin ruwa. A Ama Hausa, unguwar da mutanenmu suka daɗe a cikinta, a garin da Malam Umaru Altine ya zama magajin gari a shekarun 1950, na ga kwandunan kifi banda da 'yan kwalabe a shimfiɗar masu magani, ana cewa man ayu ne. Duk wanda na tambaya asalin kayan sai ya nuna mini yamma. Na kama hanya, na wuce kasuwar shanu ta Ugwuoba da garin Awka, na sauka Anacha.

Kogin Kwara a Anacha yana sa mutum ya yi shiru. Na zo lokacin cikar ruwa, ya yi ja, ya haɗiye tsibiran yashi, yana tafe da kututture da kainuwa. Gadar da aka gama a 1965 tana nan, ga sabuwar da aka ƙaddamar a 2023 can ƙasa da ita, amma mutanen ƙauyukan Anam da Ogbaru har yau jirgi ne motarsu. A bakin kasuwar Ose na tarar da jiragen a jere. Ba irin kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga icce guda ba ne. Waɗannan da falankin katako ake haɗa su, a toshe tsakani da tsumma, a bi da kwalta, a ɗaura injin Yamaha a baya. Guda ɗaya kan kwashi doya, buhunan garin rogo, siminti, babura da mutane a kan kayan. Kowane jirgi yana da yaron da aikinsa kwarfe ruwa kawai, tun daga tashi har sauka.

Wani dattijo Basarke, mutumin Yawuri da ya shekara da shekaru yana su a wannan yanki, shi ya yarda na bi jirginsu zuwa sansaninsu, wajen da kogin Omambala yake zubawa cikin Kwara. Ƙananan kwale-kwale biyu suna ɗaure a bayanmu, cike da kalli da gura da mamari. Na ce, "Baba, wai har yanzu da wannan jirgin ake farauta?" Ya yi mini bayani a hankali. Babban jirgi, in ji shi, aikinsa ya kai mutane da kaya sansani, ya dawo da banda kasuwa. Farautar ruwa kuwa ba ta son ƙara. A zamanin iyayensu, da dare ake fita wa ayu, a ƙaramin kwale-kwale, da filafili da mashi mai igiya, a yi kwanto inda yake fitowa cin ciyawa. Dorina kuma sai an yi gayya, kuma ba kowa ke dawowa lafiya ba. Yau ƙugin inji ya kori namun zuwa lungunan da ba a shiga, wanda ya rage kuma taru ke kama shi ba da niyya ba.

Ban ɓoye masa ra'ayina ba. Ayu kan ɗauki ciki wajen shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, sannan ta jima ba ta sake ba. Dabbar da ke haihuwa haka ba za ta jure kasuwar mai ba, kuma tun 1985 dokar Nijeriya ta hana kashe ta. Ilimin Sarkawa a kan ruwa dukiya ce, kuma yau inda aka fi bukatarsa shi ne wajen tsare rayukan fasinja.

Na ga amfanin ilimin nan da idona. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso tana karo da gudun ruwa, igiyar ruwa ta fara dukan jirgin a gefe. Mata suka ɗauki salati, wasu na kiran Yesu. Matuƙin bai ƙara wuta ba. Ya sassauta inji, ya juya hancin jirgin ya fuskanci igiyar a ɗan karkace, ya daka tsawa kowa ya zauna ƙasa kada a taru gefe guda. Dattijon na tsaye a gaba da doguwar gora, yana nuna masa da hannu inda kututture yake ƙarƙashin ruwa, abin da ni ban ga alamarsa ba sam. Haka muka lallaɓa muka fake a bayan wani tsibiri har iska ta faɗi. A jirgin nan kaf babu mai rigar kariya.

Wannan ne ya tsaya mini a rai, domin ruwa ba sa'an kwando ba ne. A nan Ogbaru, ranar 7 ga Oktoba 2022, ana tsakiyar ambaliya, jirgi ya kife da mutum 85, fadar shugaban ƙasa ta ce 76 sun rasu. A Mayun 2021 mun ga irinsa a Wara ta jihar Kebbi, a Yunin 2023 kuma a Patigi, inda fiye da mutum 100 suka halaka suna dawowa daga biki. Dalilan kusan ɗaya ne kullum: lodi ya wuce kima, katako ya ruɓe, inji ya mutu a tsakiyar ruwa, ko tafiyar dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa rigar kariya, amma doka ba ta isa kowace mashiga ba.

Daga Anacha na wuce Fatakwal. Ruwan can daban ne. Na gishiri ne, yana cika yana janyewa sau biyu a yini, yana ratsa surƙuƙin itatuwa masu saiwa a waje. A tashar jiragen Bonny da ta Nembe na tarar da 'yan'uwa suna lodin albasa, wake, tumatir da raguna a manyan jiragen katako, fasinja kuma suna shiga ƙananan jirage masu gudu. A hanyar Bonny, tsibirin da ake fitar da iskar gas daga cikinsa tun 1999, abin tsoro shi ne igiyar da manyan jiragen teku ke tayarwa in sun wuce, sai kuma 'yan fashin ruwa da ke ƙwace inji su bar mutane suna yawo. Amma a nan na ga ana miƙa wa fasinja rigar kariya kafin ya taka jirgi, kuma babu mai gardama.

Abin da aka iya a Fatakwal za a iya a Anacha, a Yawuri da Wara. Ina kira ga sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu jirgi: ku sa alamar iyakar lodi a jikin kowane jirgi, ku haɗa kuɗi ku sayi rigunan kariya, kuma kada ku bar jirgi ya tashi bayan magariba. Kai kuma mai karatu, in ka ga ruwa ya kusa bakin katako, ka sauka ka jira na gaba.