Ɗan Sa Kai a Ƙauyukan Kamaru: Sai da Mai Masauki

Tun shekarar 1962 Amurka take tura matasan Peace Corps ƙasar Kamaru, su yi shekara 2 suna koyarwa ko aikin lafiya ko harkar noma, galibi a karkara. Najeriya ma ta kafa nata shirin a 1987, zamanin Janar Babangida, tana tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da wasu sassa. Masu tsara irin waɗannan shirye-shirye sun fi damuwa da takardun ɗan sa kai da kuɗin da aka ware masa. A ganina, gidan da ya sauka ya fi duka biyun tasiri, kuma Hausawan Duwala sun daɗe da sanin haka.

Unguwar New Bell da ke Duwala ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, shirin da Sarki Rudolf Duwala Manga Bell ya yi wa tirjiya har aka rataye shi a watan Agustan 1914. Daga baya ta koma matattarar baƙi: Hausawa da Bamileke da Basa da 'yan Najeriya. Bahaushen da ya sauko da shanu daga arewa, ko ya zo sari kasuwar Mboppi, ya saba da neman maigida tun kafin ya kwance kaya. Maigidan ne zai ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta tashi. Mutuncinsa yake ara wa baƙon.

Buƙatar ɗan sa kai ta fi haka. Idan arewa aka tura shi, jirgin ƙasa zai kai shi Ngawundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga nan sai mota, sai mashin. A ƙauyen ruwa na rijiya ne, lantarki sai an dace, abinci tuwon dawa ko na masara da miyar yakuwa, damina kuma ta yanke hanya. Faransancin da ya koya yana ƙarewa a bakin ofis, domin kasuwa da zaure da Fulatanci ake yin su. Wa zai gaya masa a fara gaida jauro da liman kafin a tara mata zancen rigakafi? Wa zai ja shi gidan ta'aziyya ranar da ya shirya taro? Wanda bai je suna da jana'iza ba, ko rijiya goma ya haƙa, ba za a kira shi na gida ba.

Wani zai ce mai masauki yana da nasa dangi da abokan hamayya, zai karkatar da aikin zuwa ɓangarensa. Hakan yana faruwa, har a zango. Amma baƙon da ya kama ɗaki shi kaɗai bai kuɓuta ba, yakan faɗa hannun wanda ya fi kowa iya Faransanci, ba wanda ya fi kowa amana ba. Wani kuma zai ce baƙo raɓa ne, gara a ba 'yan gari kuɗin su yi aikinsu. Wannan hujjar ta fi ƙarfi: a watan Maris na 2020 annobar korona ta sa Peace Corps ta kwashe mutanenta daga duniya baki ɗaya. Sai dai hujjar tana goyon bayana ne, domin aikin da yake da mai shi a gari ne kawai yake iya jure irin wannan tafiya ta ba-zata.

Don haka, duk hukumar da za ta tura ɗanmu karkarar wata ƙasa, iyaye su fara tambayarta a gidan wa zai sauka, kuma wa ya zaɓi gidan.