Mazarƙwailar Baba da ajin gwajin ɗanɗano

Jama'a, yau zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Babana mai dafa mazarƙwaila ne a Makarfi. Da kuɗinta na gama sakandare, da su na yi digirin farko. Amma tunda na zo Abuja yin digiri na biyu a kimiyyar abinci, duk wanda ya tambaye ni sana'arsa sai in ce "ɗan kasuwa ne", in yi sauri in canja magana.

Makon jiya a darasin gwajin ɗanɗano, malaminmu ya kawo misalin barasar rake da ake kira ram, musamman farar da ba a ajiye ta a ganga ta daɗe ba. Ya ce a tsibirin Martinik, tun 1996 Faransa ta kafa mata ƙa'ida: yankin da za a noma raken, lokacin sara, da yadda za a sarrafa ruwansa. Masu ɗanɗanawa kan fara shinshinawa, su ɗan kurɓa, sannan su rubuta abin da suka ji, kamar ƙamshin ɗanyar ciyawa ko na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tunda ganga ba ta rufe komai ba, raken ne da kansa ake ji.

Ni dai ba na sha, kun sani, kuma ba talla nake mata ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wallahi Baba na yin irin wannan tun ina yaro. Zai ɓalli mazarƙwaila ya ɗora a harshe, ya ce: "Raken nan ya kwana biyu kafin a matse shi, ga tsami nan." Ko ya ce wuta ta yi yawa, ɗaci ya shiga. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ilimi, har da ni.

Da na koma ɗakinmu a Gudu, sai na ɗauko wadda Inna ta aiko mini, na sayo wata wajen mai baro kusa da kasuwa. Na rufe wa abokan zamana biyu ido, na ba su. Duk su biyun sun bambance. Ɗaya ya ce ta gida tana narkewa a hankali, tana barin ƙamshin hayaƙi. Ɗayan ya ce ta kasuwa zaƙi ne zalla, sai ɗan yashi a haƙori.

Da dare na kira Baba. Na ce, "Baba, so nake ku koya mini yadda kuke gane mai kyau." Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce, "Sai yanzu? To ka zo lokacin sara, da hunturu. Wannan ba a waya ake koyonsa ba." Kunya ta kama ni sosai.

A Indiya suna da irinta, suna ce mata gur. A Kolombiya sunanta panela, ana zuba ta a leda mai tambari a kai ƙasashen waje. Mu tamu tana kan faranti a rana, mu 'ya'yan masu yinta muna ɓoye sunan sana'ar.

Jiya na kai wa malamin da ke duba aikina sabon batun bincike a kan mazarƙwaila. Bai sa hannu ba tukuna, ya ce in fara kawo kalmomin da masu dafawa ke siffanta ɗanɗanonta da su. Don haka 'yan Makarfi, Ikara, Kura da duk inda ake matse rake, don Allah ku tambayi iyayenku ku rubuto mini.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.