Abin da Muka Gani a Badagiri

Yawancin 'yan'uwanmu da suke zuwa Ikko, labarin da suke kawo mana na dogayen gadoji ne da cunkoson motoci. Amma akwai wani gari a bakin teku, yamma da Ikko, kusa da iyakar ƙasar Benin, sunansa Badagiri. Abubuwan kallonsa ba su da girma ko ƙyalli: sarƙa ce, da rijiya, da gurbin wani itace, da wani tsohon gida. Duk da haka muna so kowane gida na masu bi ya san labarinsu.

A ɗakin kayan tarihi na iyalin Mobee aka nuna mana sarƙoƙin da ake sa wa bayi a wuya da ƙafa. Muka ɗaga ɗaya, nauyinta ya sa jikinmu ya yi sanyi. Daga nan muka haye ruwa da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, muka bi hanyar da bayi suka bi cikin rairayi mai zafi. A hanyar akwai wata rijiya. Mutanen wurin sun ce akan sa bayi su sha ruwanta domin su manta da gida. Ko gaskiya ne ko tatsuniya, a cikinmu dai ba wanda ya nemi ɗanɗanawa. Hanyar ta ƙare a bakin teku, wurin da suke kira inda ba a komowa.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin mutanen kudu ne kaɗai. Cikin waɗanda aka sayar a gaɓar tekun ƙasashen nan akwai Hausawa da yawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil, har waɗansunsu suna cikin bayin da suka yi tawaye a can a 1835. Kuma galibi ba Turawa ne suka kamo su daga garuruwansu ba. Baƙar fata ne suka kamo, suka sayar, kamar yadda 'yan'uwan Yusufu suka yi. Wannan shi ne ya fi mana wuyar bayyana wa yaranmu, amma ba mu ɓoye musu ba.

A cikin garin kuma akwai alamar da aka gina a gurbin itacen Agiya, wanda hadari ya kayar a 1959. A gindinsa ne Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin bishara a 1842, a nan kuma aka yi sujadar Kirsimeti a ƙarshen shekarar. Wa ya kira shi? 'Yantattun bayi ne da suka komo daga Saliyo, suka aika a turo musu mai koyarwa. Ashe ta ƙofar da aka fitar da mutane da sarƙa, ta nan Maganar Allah ta shigo!

Tsohon gidan kuwa na mishan ne, an gina shi a 1845. Aka ce mana shi ne bene na fari a Nijeriya. Mu da muka san benayen ƙasa na Kano da Zariya sai muka yi murmushi, muka bar musu. Abin da ya tsai da mu a ciki shi ne Littafi Mai Tsarki na Yarabanci, da labarin Samuel Ajayi Crowther da ya sauka garin a shekaran nan. Shi ma yaro ne da aka kama a 1821, aka sa shi a jirgin bayi, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi. A 1864 ya zama bishop. Tun a 1841 ya hau Kogin Kwara tare da wani Bajamushe, Schön, wanda daga baya ya juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Cikakken Littafin da harshenmu bai fito ba sai a 1932.