Wasiƙa Daga Jos: Ƙarin Baki Ba A Gane Shi Da Ido

Zuwa ga 'yan uwa masu karatu a Maraɗi da Damagaram,

Mutumin Nijar da ya sauka a garin nan, sanyi ne ke fara yi masa maraba, domin Jos tana bisa tudu, kusan mita 1,200. Hausa kuwa tana ci tun daga kasuwar Taminus har ƙofar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, baƙo ba ya rasa mai nuna masa hanya. Abin da ke ɗaure masa kai yana sashen haƙori ne: likita ya leƙa ƙari a baki, ya latsa, amma ya ƙi faɗin sunansa.

Yana da hujja. Ƙarin kitse, da na jijiya, da mugun dajin tsoka mai kama yara, duk suna iya farawa da ɗan kumburi marar zafi a harshe ko cikin kumatu. Don haka sai a kashe wurin da allura, a yanki ɗan nama, a jefa shi cikin kwalbar fomalin. A ɗakin gwaji a daskarar da shi cikin kakin farafin, a fere shi ya fi fatar albasa sirantaka, a rina shi ja da shuɗi, kana a ɗora a madubin likita.

Ko a nan ana iya ruɗewa. Akwai wani ƙari da likitan Rasha Abrikosof ya bayyana a 1926, wanda ya fi son harshe. Yawanci ba daji ba ne, amma fatar da ke lulluɓe da shi takan yi kauri ta kutsa ciki kamar daji. Idan yankan bai yi zurfi ba, ana iya cire wa mutum sashen harshe a banza. Rini na musamman, irin S-100, shi ke raba gardama, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba. Wani lokaci sai naman ya yi tafiya zuwa wani gari.

Wani tabo kuma, ja mai duhu a ganɗa, yakan zama dajin Kaposi, har ta kansa a gano mutum yana ɗauke da cutar ƙanjamau bai sani ba.

Jiran sakamako yana da cin rai, ga kuɗin mota, ga na masauki. Duk da haka mai wannan wasiƙa yana ganin ya fi sakiyar wanzami nesa ba kusa ba, domin aska tana jawo zubar jini da ɓata lokaci, ƙarin kuma yana nan yana girma.

Jama'a, duk kumburi ko gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai shi asibiti. In an cire, a tambaya ko an tura naman gwaji, a kuma koma karɓar sakamakon.