Kolo Da Gardi A Ɗakin Likita

Wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin Jankwano a Jos, watau wanda mishan ɗin SIM suka kafa a 1959, wanda kuma ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham a 2010, ba zai yi mamaki ba in ya tarar da mutum huɗu a ɗakin duba marasa lafiya. Ga ɗalibin da bai cika shekarunsa shida na karatu ba, ga sabon likita mai zaman shekara guda ta horo, ga wanda yake neman ƙwarewa a fannin likitan iyali, sa'an nan ga malaminsu. Tun cikin shekarun 1980 asibitin yake horar da likitocin wannan fanni, bayan kafa Kwalejin Ƙasa ta Horar da Ƙwararrun Likitoci a 1979.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A tsangaya, gardi ne yake biya wa kolo, malam yana gefe yana sauraro, kuma gardin da ya biya wa yaro sau goma shi ne haddarsa take zama. Haka abin yake a nan. Likitan da ya saba rubuta maganin zazzaɓi ba tare da dogon tunani ba, ranar da ɗalibi ya tambaye shi dalilin da ya sa bai zaci taifot ko tarin fuka ba, dole ya koma ya binciki kansa. Ɗakin likitan iyali kuwa ba ya zaɓen cuta: mai ciki, da tsoho mai hawan jini, da yaro mai gudawa, duk ƙofa ɗaya suke bi.

Amma fa akwai inda gizo yake saƙa, a kowane asibitin koyarwa. Ƙarami yakan ji nauyin magana a gaban na gaba da shi, alhali sau da yawa shi ne ya zauna da matar da ta taso daga Mangu tun da asuba, ya ji da Hausa cewa ta sha jiƙo kwana uku kafin ta zo. In ya yi shiru, labarin ya ɓace, maganin da za a rubuta kuwa yana iya karo da abin da ta sha. Saboda haka malamin kirki yakan fara tambaya daga ƙarami, ya hana manya tsoma baki sai ya gama. Kafin wannan ma, yakan nemi izinin matar, ko ta yarda mutum huɗu su ji sirrinta.